Tony Dungy: Kocin da ya ƙi ɗaga murya

Ka tuna ranar ƙarshe da ƙungiyarka ta sha kashi? Tun alƙalin wasa bai hura tashi ba ka zaro waya. Kafin ka fito daga gidan kallo ka riga ka rubuta a Facebook cewa kocin nan bai san komai ba, a kore shi yau-yau. Wani ya shigo ƙarƙashin rubutun ya ce a ɗan ƙara masa lokaci, kai kuma ka wanke shi tas, har ka haɗa da iyayensa. Da gari ya waye ka duba, mutane sun yi ca a kan rubutun. Wanda ka yi makon jiya kuwa, da ka zauna ka yi tunani ka rubuta cikin natsuwa, mutum huɗu ne suka kula shi, ɗaya ma ƙanwarka ce.

Ba kai kaɗai ba ne, duk muna ciki. Wayar hannu ta daɗe tana karantar da mu cewa mai ihu shi ake ji, mai zagi shi ne jarumi, wanda kuwa ya yi magana a hankali ko dai matsoraci ne ko kuma an saye shi. Ba a soshiyal midiya abin ya tsaya ba. Ya bi mu har shago da makaranta da zauren unguwa, inda yaro ɗan shekara ashirin ke ganin idan bai daka wa na ƙasa da shi tsawa ba, ba za a san shi ne babba ba.

Shi ya sa yau za mu tsallaka Amurka, mu ɗauko labarin wani mai horas da 'yan wasa, Tony Dungy. Mutumin ya yi kusan shekara talatin a cikin sana'ar da aka gina a kan hargagi, ya ƙi ɗaga murya. Ya sha wuya a kan hakan, kuma ya kai inda ya kai.

Bari mu fara da wasan kansa, don ba irin ƙwallon da muka saba ba ce. Ƙwallon ƙafar Amurka da hannu ake yawan buga ta. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a baki biyu, 'yan wasa na sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa saboda karon da ake yi kamar na raguna. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, amma kowace ƙungiya ta kasu gida biyu, masu kai hari da masu tsaron baya, kuma ba sa shiga fili tare. Masu hari suna da dama huɗu su matsa gaba yadi goma, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga ta ta tsakanin turaku biyu ya samu 3. Babbar gasar ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, wasan ƙarshenta kuma shi ne Super Bowl, wanda a 'yan shekarun nan sama da mutum miliyan 100 ke kallo a Amurka kawai. A wannan wasa koci ne ke tsara kusan kowane motsi daga bakin fili, kuma hoton da Amurkawa suka saba gani na koci shi ne mutum mai jan ido, jijiyar wuya a tashe, yana surfa wa ƙatti ashar.

An haifi Dungy ranar 6 ga Oktoba, 1955 a garin Jackson na jihar Michigan. Iyayensa duka malaman makaranta ne, uban yana koyar da kimiyya, uwar tana koyar da Turanci. Ka riƙe wannan, domin duk rayuwarsa a matsayin malami ya ɗauki kansa. A Jami'ar Minnesota ya buga matsayin da suke kira kwatabak, wato jagoran masu kai hari, wanda ke jefa ƙwallo kuma ke karanta fili. Sau biyu ana zaɓarsa gwarzon ƙungiyar jami'ar. Da lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL ya zo a 1977, aka yi zagaye 12, aka kira sunan sama da mutum 300, babu nasa. A zamanin, masu ƙungiyoyi da dama ba su yarda baƙar fata zai iya jagorantar hari ba. Sun fi so ya yi gudu ko ya yi karo, tunani kuwa a bar wa wani. Shekara ɗaya bayan haka ma irin wannan ta sa Warren Moon tafiya Kanada, mutumin da daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jefa ƙwallo a tarihin wasan.

Ƙungiyar Pittsburgh Steelers ce ta ɗauki Dungy, amma ba a matsayin da ya saba ba. Ta mayar da shi ɗan baya, aikin da bai taɓa yi ba. Ya zauna ya koya. A shekararsa ta biyu, 1978, shi ya fi kowa a ƙungiyar cafke ƙwallon da abokan karawa suka jefa, har sau shida, kuma a wannan kakar suka ɗauki Super Bowl. Sai dai abin bai yi nisa ba. Aka tura shi San Francisco a 1979, daga nan New York Giants, su kuma suka sallame shi tun kafin a fara kakar 1980. Yana da shekara 24 wasa ya ƙare masa.

Kocin Steelers, Chuck Noll, shi ma ba mai yawan hayaniya ba ne, ya lura da yadda yaron ke nazarin wasa. A 1981 ya kira shi ya ba shi aikin mataimaki yana ɗan shekara 25, yana horas da mutanen da wasunsu suka girme shi. A 1984 ya zama shugaban masu horas da 'yan baya gaba ɗaya, yana da 28. Kowa ya ce wannan ba zai daɗe ba zai samu ƙungiyarsa. Ina! Sai da ya yi shekara goma sha biyar yana mataimaki: Pittsburgh, sannan Kansas City daga 1989 zuwa 1991 (a can ya tarar da Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda a 1989 ya fi kowa a NFL gudu da ƙwallo), sannan Minnesota Vikings daga 1992 zuwa 1995, inda 'yan bayansa suka shiga sahun gaba a gasar. Ana kiransa ganawar neman aiki, ana yaba masa, ana ba wa wani. Launin fata na ciki, domin sai a 1989 aka samu baƙar fata na farko da ya zama babban koci a NFL ta zamani, wato Art Shell. Ɗaya dalilin kuma da ake ta maimaitawa shi ne wai ya cika sanyi, wai ƙatti ba za su ji tsoronsa ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin wani mai ƙungiya da ya tambaye shi ko ƙungiyar za ta zama abu mafi muhimmanci a rayuwarsa. Ya ce a'a, addininsa da iyalinsa na gaba. Bai samu aikin ba.

Tsaya a nan ka tambayi kanka. Da kai ne, bayan shekara goma ana tsallake ka, ba za ka ɗan koyi zare ido ba ko don a gani? Ai da yawanmu a kan abin da bai kai haka ba muke sauya hali. Yarinya mai kunya ta ga ba a kallon bidiyonta a TikTok, sai ta koyi rashin kunya. Saurayi mai ladabi ya ga ba a yaɗa rubutunsa, sai ya fara zagin malamai da dattawa. Kwana biyu abin ya zama jiki, har shi kansa ya manta yadda yake a da.

A 1996 ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ba Dungy aiki. Kada ka ɗauka wata babbar alfarma ce aka yi masa. Ƙungiyar ita ce abin dariyar gasar: tun 1983 ba ta taɓa kammala kaka da nasarori fiye da rashin nasara ba, kuma shekara goma sha biyu a jere tana shan kashi aƙalla sau goma a kowace kaka. Masu ƙungiyar kuwa ka san su, musamman in kai ɗan Manchester United ne. Iyalan Glazer ne, waɗanda suka sayi Tampa Bay a 1995, shekara goma kafin su mallaki United.

Tun a zaman farko ya shaida wa 'yan wasan cewa ba zai zage su ba, ba zai yi musu ihu ba, zai faɗa musu abin da ake so su yi kuma yana sa ran su yi. Suka sha kashi a wasanni biyar na farko. Ka iya hasashen abin da za a rubuta da a ce akwai X a lokacin. Bai sauya tsari ba, bai sauya murya ba. Suka ci biyar daga cikin bakwai na ƙarshe. A 1997 suka ci wasa goma, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale karo na farko tun 1982. Shi da mataimakinsa Monte Kiffin suka gina salon tsaron baya da har yau ake kira Tampa 2, wanda ƙungiyoyi da dama suka kwaikwaya. Ba wani siddabaru ba ne a cikinsa: kowa ya tsare yankinsa, ya yi sauri, ya maimaita abu ɗaya har ya zama ba sai ya yi tunani ba. Warren Sapp da Derrick Brooks da John Lynch da Ronde Barber, duk a ƙarƙashinsa suka zama taurari, kuma dukansu huɗun yanzu suna zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio.

A shekara shida ya kai su zagayen sili-ɗaya-ƙwale sau huɗu. Ya ci wasa 54, aka ci shi 42. Ranar 14 ga Janairu, 2002, iyalan Glazer suka kore shi.

Suka nemo Jon Gruden daga Oakland Raiders, matashi mai zafin kai, mai murtuke fuska, wanda kyamara ke son haskawa. Don su same shi sai da suka ba Raiders dala miliyan 8 da manyan guraben zaɓen 'yan wasa har huɗu. Shekara ɗaya tak, ranar 26 ga Janairu, 2003, Tampa Bay ta lallasa Raiders 48 da 21, ta ɗauki Super Bowl na farko a tarihinta, akasari da 'yan bayan da Dungy ya raina. Shi ya yi noma, ya yi ban ruwa, wani ya zo ya yi girbi. A wannan watan dai sabuwar ƙungiyarsa, Indianapolis Colts, ta sha kashi 41 da nema a hannun New York Jets. Duk mai cewa sanyinsa ne matsala ya samu hujja a faranti.

Yanzu bari mu yi adalci, don wannan fili ba na waƙar yabo ba ne. Iyalan Glazer ba mahaukata ba ne. Masu kai harin Dungy a Tampa sun yi rauni ƙwarai. A wasanninsa uku na ƙarshe a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, maki 6 da 3 da 9 kawai suka iya haɗawa, ko sau ɗaya ba su kai ƙwallo ƙarshen fili ba. Ya yi ta sauya masu horas da 'yan gaba ba tare da an dace ba. Gruden ya zo ya gyara abin da ya gagara. Kyan hali ba ya maye gurbin iya aiki, kuma wanda aka kora saboda wani gurbi da ya bari, gurbin na nan ko da shi mutumin kirki ne. Muna faɗin haka ne saboda akwai masu fakewa da haƙuri alhali lalaci ne ke damunsu. Abin da muke ja a kai shi ne fassarar da aka yi wa lamarin. Matsalar tsarin kai hari ce, amma da yawa suka ɗora laifin a kan muryarsa, domin murya ita ce abin da ake gani daga nesa.

Abin da ya yi bayan korar shi ne ya fi jan hankalinmu. Ya fito gaban 'yan jarida ya gode wa iyalan Glazer da suka ba shi dama lokacin da wasu suka hana shi. Babu habaici, babu tonon silili. Kwana takwas bayan nan Colts suka ɗauke shi. Kai da aka cire ka daga shugabancin wani ɗan guruf na WhatsApp ka yi sati kana sakin hotunan hirar sirri, ka duba wannan da kyau.

Korarsa ta haifar da wani abu da ya fi ƙarfin ƙwallo. A wannan watan aka sallami Dennis Green na Minnesota, shi ma baƙar fata mai tarihin nasara. Kakar 2002 ta fara da baƙaƙen fata biyu kacal a cikin manyan kociyoyi 32, a gasar da kusan kashi biyu cikin uku na 'yan wasanta baƙaƙe ne. Lauyoyi biyu, Johnnie Cochran da Cyrus Mehri, suka fitar da rahoto suka yi barazanar zuwa kotu. Daga nan aka samu Dokar Rooney a 2003, mai ɗauke da sunan Dan Rooney mai Steelers, wadda ta wajabta wa kowace ƙungiya ta gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsirarun jinsi kafin ta naɗa koci. Har yau ana gardama ko dokar na aiki ko ganawar ido ce kawai, amma ta yi tasirin da hukumar ƙwallon ƙafar Ingila ma ta ari irinta a 2018.

A Indianapolis ya tarar da akasin Tampa: akwai Peyton Manning, ɗaya daga cikin gwanayen jefa ƙwallo na kowane zamani, amma baya a buɗe take. Ya bar masu hari da tsarinsu, wanda ke nuna ya koyi darasi, ya duƙufa gyaran baya. Ranar 6 ga Oktoba, 2003, ranar da ya cika shekara 48, jadawali ya mayar da shi Tampa ya kara da zakarun da suka kore shi. Saura kimanin minti biyar a tashi ana cin su 35 da 14. Mutane sun fara ficewa daga filin. Colts suka zuba maki 21, aka tafi ƙarin lokaci, suka ci 38 da 35. Ƙungiyar da kocinta ke rawar jiki a bakin fili ba kasafai take iya wannan ba.

Duk da haka kofi ya ƙi zuwa. New England Patriots ta Bill Belichick da Tom Brady ta fitar da su a Janairun 2004, ta sake fitar da su a Janairun 2005. Tambarin ya manne masa: mutumin kirki ne, amma ba ya cin babban wasa.

Sai kakar 2005. Colts suka ci wasa 13 na farko a jere, kowa ya ce bana kam tasu ce. Ranar 22 ga Disamba aka tsinci gawar ɗansa mai shekara 18 a ɗakinsa a yankin Tampa. Binciken likitoci ya nuna yaron ne ya ɗauki ransa.

Ba mu kawo wannan don mu motsa maka rai ba. Mun kawo shi ne don kada ka fahimci wannan rubutu a baibai. Natsuwa daban, haɗiye ciwo daban. Wannan gida ne na uba mai kula, mai addini, mai wadata, wanda duk Amurka ke misali da shi wajen tarbiyya, amma abin ya shiga. A cikin abokanka akwai wanda ya daina magana a guruf, akwai wadda kullum hotonta na dariya ne amma ta rame. Ba kowane shiru ne lafiya ba. Dungy kansa bai ɓoye nasa ciwon ba. Ya tsaya a wurin jana'izar ya yi magana, ya roƙi iyaye su rungumi 'ya'yansu duk lokacin da suka samu dama, kuma daga baya ya riƙa tuntuɓar iyayen da irin haka ta faɗa wa. Idan kai ne ke ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa wani, ɗan'uwa ko malami ko likita. Idan abokinka ne, ka ajiye saƙon rubutu ka kira shi, ko ka taka ka je.

Bayan kimanin mako ɗaya ya koma aiki. A Janairun 2006 tsohuwar ƙungiyarsa Steelers ta fitar da su 21 da 18.

Kakar da ta biyo baya ba a sa musu rai sosai ba, don 'yan bayansu sun yi ta zubar da wasa a watan Disamba. Amma suka lallaɓa har wasan kusa da na ƙarshe, inda suka sake haɗuwa da Patriots ranar 21 ga Janairu, 2007. Kafin a je hutun rabin lokaci an taɓa cin su 21 da 3. Suka dawo suka ci 38 da 34. Ranar 4 ga Fabrairu a Miami, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, suka kara da Chicago Bears a Super Bowl. Bugun farko na wasan Devin Hester na Bears ya kama ƙwallo ya sheƙa da ita yadi 92 har ƙarshen fili. Sakan goma sha huɗu da farawa ana cin su. Aka tashi Colts na da 29, Bears 17. Tony Dungy ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki Super Bowl a matsayin babban koci, shekara talatin bayan an ƙi kiran sunansa a zaɓen 1977.

Ga wani abu da ya fi kofin daɗi. Kocin Bears a daren, Lovie Smith, baƙar fata ne shi ma, kuma Dungy ne ya ba shi aikinsa na farko a NFL, a Tampa a 1996. Shi ma ba mai zagi ba ne. Ko ta ina wasan ya faɗi, almajirin makaranta ɗaya ne zai ɗaga kofi. Shekara biyu bayan haka Mike Tomlin, wanda Dungy ya ɗauka aiki a 2001, ya ci Super Bowl da Steelers yana da shekara 36. Herm Edwards da Jim Caldwell da Leslie Frazier duk sun yi aiki a ƙarƙashinsa kafin su zama manyan kociyoyi. Wanda ke mulki da tsoro, ranar da ya tashi tsoron ke tashi da shi. Wannan kuwa ya tashi ya bar mutane a kan kujeru.

Za ka ce ai masu tsawa ma suna cin kofi. Ƙwarai kuwa. Alex Ferguson ya shahara da tsayawa dab da fuskar ɗan wasa ya zazzaga masa masifa, kuma babu mai ja da tarihinsa. Gruden ya ci nasa. Ba mu ce ihu ba ya aiki ba. Ƙaryar da ake sayar maka ita ce wai shi kaɗai ke aiki, kuma masu sayar da ita riba suke ci. Manhajojin da ke wayarka suna samun kuɗi ne daga lokacin da ka ɓata a kansu, kuma ba abin da ke riƙe mutum kamar faɗa. Duk rubutun da ya tayar da ƙura shi ake turo wa mutane. Don haka yawan martanin da zaginka ya samu ba shaida ba ce ta cewa kana da gaskiya ko kana da ƙarfi, shaida ce cewa ka yi wa kamfani aiki kyauta. Mutumin da ka zaga kuwa yana nan, kuma wataƙila shi ne zai zauna a teburin da za ka je neman aiki ko neman aure.

Ko Gruden ɗin ma rubutu ne ya kayar da shi. A Oktoban 2021 jaridun Amurka suka bankaɗo saƙonnin imel da ya riƙa aikawa shekaru da suka wuce, wasu tun 2011, cike da kalaman cin mutunci ga baƙaƙen fata da mata da wasu. Ya ajiye aikinsa a Raiders, inda ya koma a kan kwantiragin shekara goma. Tampa Bay ta cire sunansa daga jerin gwarazanta da ke jikin filin wasa, ko da yake daga baya ta mayar. Lokacin da saƙon farko ya fito, Dungy, wanda a lokacin mai sharhi ne a tashar NBC, ya ce a karɓi uzurin mutumin a wuce wurin. Aka yi masa ca, aka ce ya yi gaggawar yafiya, kuma da sauran saƙonnin suka fito masu sukar sun samu abin faɗa. A ganinmu ya yi saurin magana a ranar. Amma ka lura da wanda ya nema wa sassauci: mutumin da ya gaji kujerarsa ya ɗaga kofi da yaransa.

Dungy ya yi ritaya a Janairun 2009 yana da shekara 53, da ƙarfinsa, ana son sa. Ya ci wasa 139 aka ci shi 69 a wasannin kaka, ya kai ƙungiyoyinsa zagayen sili-ɗaya-ƙwale shekara goma a jere daga 1999 zuwa 2008. A zagayen kansa kuwa ya ci 9 aka ci shi 10, wanda shi ne abin da masu sukarsa ke riƙe da shi har gobe. Littafinsa Quiet Strength na 2007 ya hau saman jerin waɗanda aka fi saya a Amurka.

'Yan watanni bayan ritayar ya tafi gidan yarin Leavenworth a jihar Kansas. A can Michael Vick yake, tauraron kwatabak ɗin da aka ɗaure wata 23 saboda shirya faɗan karnuka da kashe su. A lokacin da wuya ka samu ɗan wasan da Amurkawa suka tsana kamarsa. Kamfanoni sun janye, kuɗi sun ƙare, ƙungiyarsa ta juya baya. Dungy bai taɓa horas da shi ba, ba abin da zai ƙaru da shi. Ya zauna da shi, ya ci gaba da bibiyarsa bayan an sake shi, ya tsaya masa har Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a Agustan 2009. Mutane da yawa sun ji haushin Dungy a kan haka. A 2010 Vick ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi farfaɗowa a NFL, kuma ya shiga yawon wayar da kai a kan cutar da dabbobi.

A 2016 aka shigar da Dungy zauren gwaraza na Canton. A Satumban 2018, a hutun rabin lokaci na wani wasan daren Litinin tsakanin Tampa Bay da Steelers, iyalan Glazer suka gayyato shi tsakiyar fili, suka buɗe sunansa a jikin bangon filin wasan, shekara goma sha shida bayan sun kore shi. Ya zo da iyalinsa, ya karɓi makirufo, ya sake yi musu godiya.